Ƙarin ƙwaƙwalwa mai saurin girma: yadda hoto ke nuna ƙarancin oksijin, da matakan da iyali a Kebbi za su bi

Duk wanda aka ce an ga ƙari a ƙwaƙwalwar mahaifinsa ko matarsa, kafin mako ya zagayo zai ji sunayen hotuna iri-iri. Wannan ya ce siti (CT), wancan ya ce MRI, ɗan'uwa da ke ƙasar waje ya bugo waya ya ce akwai wani hoton da ke nuna inda iska ba ta kaiwa a cikin ƙarin, a nemo shi ko nawa ne. Hoton yana nan, gaskiya ne, kuma zan yi bayaninsa dalla-dalla. Amma ba shi ne abin da za a sayar da gona a kansa ba. MRI guda ɗaya, a injin da ya dace, da allurar da ta dace, zai ba likita mafi yawan abin da yake buƙata, kuma a nan ne na fi so iyali su sa kuɗinsu da hankalinsu.

Me ya haɗa oksijin da ƙari?

Mafi tsananin ƙarin da ke tasowa daga naman ƙwaƙwalwar manya shi ne giliyobilastoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye shi a mataki na 4, babu na sama da shi. Girmansa ya fi saurin jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, oksijin kuwa idan ya fita daga jijiya ba ya tafiya da nisa. A 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, sun duba yankakken naman ciwon dajin huhu, suka tarar ƙwayoyin da nisansu da jijiya ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita sun mutu. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san irin wannan. Fangalin da ke bakin injin ban-ruwa shar yake, na can ƙarshe ya bushe, na tsakaninsu kuma yana nan a wahale, bai mutu ba, bai ƙoshi ba.

Waɗannan na tsakiya su ne matsalar. Gashin da ake yi wa ƙari da inji yana aiki ne ta hanyar raunata ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayoyin ciwon, kuma oksijin ne ke tabbatar da raunin ya zauna. Inda babu shi, ƙwayar na iya gyara kanta, har sai an ninka ƙarfin gashin kusan sau uku kafin a sami irin sakamakon da ake samu a wurin da ke da wadatar oksijin. Ƙwaƙwalwa kuwa ba za ta ɗauki wannan ninkin ba. Bayan haka, ƙwayar da ta ji ƙishin oksijin tana kunna wani sinadari mai suna HIF, shi kuma ya ba da umarni a fitar da wani sinadarin mai suna VEGF don a tsiro da sababbin jijiyoyi. Jijiyoyin suna fitowa da yawa, amma a karkace, masu yoyo, ba sa kai jini yadda ya kamata. Ruwan da ke zuba daga cikinsu yana ƙara kumburin da ke sa ciwon kai da amai. Wasu ƙwayoyin kuma sai su bar wurin, su kutsa cikin lafiyayyen nama. Gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin ne ya sa aka ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

A riƙe wani abu tun yanzu: ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin jini, ko ya nuna 98, bai san komai game da cikin ƙarin ba. Jinin majiyyaci na iya cika da oksijin, ƙarin kuma yana cikin ƙishi, domin hanyar ce ta lalace. Saboda haka sayen tukunyar oksijin a ajiye a gida ba ya maganin wannan, sai dai idan likita ya rubuta ta saboda matsalar numfashi.

Mataki na 1: a isa ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da wuri

Ciwon kai sabo da ke ƙaruwa kullum, ya fi tsanani da asuba, da amai. Farfaɗiya da ta fara a babban mutum wanda bai taɓa yi ba. Sanyin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya. Magana ta sarƙe. Hali ya sauya cikin 'yan makonni. Da yawa a kan ce iska ce ko sammu, a yi wata biyu ana hayaƙi da rubutu. A yi addu'a, amma a tafi asibiti a ranar, domin wannan ƙarin ba ya jira.

A Birnin Kebbi a fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka fi sani da FMC, ko Asibitin Sir Yahaya, a nemi takardar turawa. Mafi kusa da mu wajen tiyatar ƙwaƙwalwa ita ce cibiyar da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu, da ya shugabanci Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi daga baya, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Akwai kuma Asibitin Shika a Zariya da Asibitin Ƙasa a Abuja. Hoton siti yana da amfani a gaggawa, yana nuna jini da kumburi cikin mintuna, amma kada a tsaya a kansa.

Mataki na 2: tambayoyi kafin a biya kuɗin MRI

A nan ne kuɗi ya fi salwanta. Iyali su haɗa abin da suka haɗa, su biya, a ɗauki hoton, likita ya duba ya ce a sake. Kafin ka ciro ko sisi, tsaya a gaban mai karɓar kuɗi ka yi tambaya da ladabi: "Malama, don Allah injinku tesla nawa ne?" Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun injin. Akwai ƙananan injuna masu 0.2 ko 0.35, suna da amfaninsu, amma hotunan da ke ba da labarin jini da sinadaran cikin ƙari suna son 1.5 ko 3.

Sai ka tambaya ko za a yi allurar gadoliniyom, wadda ma'aikata ke kira kontiras. MRI na ƙari ba tare da ita ba rabin aiki ne. Ka roƙi likitan da ya turo ku ya rubuta a takarda cewa yana son DWI, wanda ke taimakawa wajen bambanta mugunya da ƙari, da hoton kwararar jini da ake rubutawa DSC, da MRS mai duba sinadaran cikin ƙarin idan injin yana yi, domin abin da ba a rubuta ba sau da yawa ba a yin sa. Na ƙarshe, ka ce a ba ka faifai, kada a sallame ka da fim da takarda kawai. A faifan ne likitan tiyata zai bi hotuna ɗaruruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma da shi za a kwatanta duk hoton da za a yi nan gaba.

Mataki na 3: shirin shiga injin

A yi gwajin ƙoda na kiriyatinin tukuna, saboda idan ƙoda ta yi rauni sosai akwai hatsari a allurar. Mace mai ciki ta faɗa. Maganaɗisun injin a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar hoto, don haka duk wani ƙarfe a bar shi a waje: 'yan kunne, fil ɗin ɗankwali, tsinken kitso, agogo, makulli, laya da guru. Mata su wanke kwalli tas, domin yana da ma'adinin da ke ɓata hoton wajen ido da goshi. Mai haƙorin Makka ya sanar. Wanda aka taɓa harbi kuma ɓarɓashin harsashi ya rage a jikinsa, da mai walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, da wanda aka sa wa batirin zuciya, dole su faɗa kafin su taka ƙofar ɗakin. Wannan magana ce ta rai.

Hoton kan ɗauki minti 30 zuwa 45, da ƙara mai ƙarfi, kai a cikin wani abu kamar keji. Motsi kaɗan yana ɓata aikin. Idan dattijo ne, ka durƙusa kusa da shi ka yi masa bayani tun a waje: "Baba, za ka ji ƙara, ba za ta taɓa ka ba, ka rufe ido ka yi ta salati a zuci, ina nan bakin ƙofa." Wanda ya rikice ko yake fizge-fizge, a gaya wa ma'aikata tun da wuri su shirya maganin kwantarwa. A ba shi maganin farfaɗiyarsa a kan lokaci a ranar.

Mataki na 4: abin da MRI ke faɗa game da oksijin

MRI na yau da kullum ba ya auna oksijin kai tsaye. Sawunsa yake nunawa, kuma sawun a bayyane yake ga wanda ya san abin da yake nema.

Bayan allura, giliyobilastoma kan fito kamar zobe mai kauri, mara daidaito, yana haske, tsakiyarsa baƙi. Baƙin nan mataccen nama ne, rahoto zai kira shi nekrosis, kuma shi ne babbar shaidar cewa oksijin ya yanke a wurin. Hasken zoben kuma yoyon jijiyoyi ne, allurar ce ta tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke raye cikin ƙishi sun fi taruwa a iyakar baƙin da hasken. A wani nau'in hoton MRI mai suna FLAIR za a ga fari ya bazu kewaye da ƙarin. Wani ɓangarensa ruwan kumburi ne, wani kuma ƙwayoyin ciwon ne da suka kutsa.

Hoton DSC yana bin allurar sa'ad da take ratsa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, ya fitar da taswira mai launi da lamba da ake kira rCBV, wato yawan jinin da ke wurin idan aka kwatanta da lafiyayyen gefe. A ƙari mai tsanani lambar kan yi sama. Mutum zai ce ai jini ya yi yawa, ina ƙarancin oksijin? Yawan jijiyoyin shi kansa amsa ce ga ƙishin, kuma jinin da ke cikinsu yana tafiya a hargitse, wani ya tsaya, wani ya wuce bai sauke kayansa ba. MRS kuma yana duba sinadarai. Kolin ya hau, NAA ya sauka, laktet ya bayyana. Laktet na taruwa ne inda ƙwayoyi ke cin sukari ba tare da sun ƙone shi da oksijin ba. Akwai wasu dabaru na MRI, irin su BOLD da wanda ake sa majiyyaci ya shaƙi oksijin zalla ana ɗauka, da suka fi kusa da auna abin kai tsaye, amma har yanzu a ɗakunan bincike suka fi zama.

Ina so a kula da wannan sosai, domin a yankinmu yana iya zama bambancin kuka da murna: ba kowane zobe ne ciwon daji ba. Tarin fuka na yin ƙulli a ƙwaƙwalwa mai kama da zobe. Ƙurji mai mugunya na yi, musamman bayan ciwon kunne da ya daɗe. Mai ɗauke da ƙanjamau na iya samun wata cuta mai suna toksofilasma da ke yin haka, kuma kansar nono ko ta huhu na iya aiko da 'ya'yanta. Uku na farko duk suna jin magani. A nan ne DWI ke biyan kuɗinsa, saboda mugunya mai kauri tana haske a tsakiya, mataccen naman giliyobilastoma kuwa galibi ba ya yi. Ƙullin tarin fuka kuma rCBV ɗinsa kan yi ƙasa. Shi ya sa nake nacewa a kan a rubuta waɗannan hotuna tun farko.

Mataki na 5: hoton PET da ke nuna ƙishin kai tsaye

Wannan shi ne wanda ɗan'uwan ya ji labari. Ana amfani da wani sinadari mai suna FMISO, ɗan gidan su Flagyl ne, maganin ciwon ciki da kowane kemis ke sayarwa. Flagyl na kashe ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda babu oksijin ne saboda a irin wurin kawai yake sauya kama ya manne. FMISO ma haka yake. Yana shiga kowace ƙwaya a jiki. Inda akwai oksijin sai ya sake fita, inda awon oksijin ya faɗi ƙasa da kusan 10 a ma'aunin milimitar zaiba sai ya maƙale. An ɗaura masa ɗan burbushin nukiliya mai suna fulorin 18, injin PET kuma yana ganin inda ya taru.

Yadda ake yi: a yi allura a jijiya, a jira awa 2 zuwa 4 don wanda bai maƙale ba ya wanke, sannan a kwanta a injin kamar minti 20. Wani lokaci a ɗebi jini a lokacin don kwatanci. Wurin da ya ninka jini da 1.2 ko fiye, shi ake ƙirgawa a matsayin mai ƙarancin oksijin. Mataccen tsakiyar ba ya kama sinadarin, domin sai ƙwaya mai rai ke iya riƙe shi. Wato PET na nuna ainihin waɗanda suka wahala amma ba su mutu ba, abin da MRI ke nunawa ta gefe kawai. An fara nuna wannan a ƙarin ƙwaƙwalwar mutane a 1992. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Siyatil a Amurka sun bi majiyyata 22, suka ga waɗanda yankin ƙishinsu ya fi faɗi kafin gashi ciwon ya fi saurin dawo musu.

To me ya sa ban ce a bazama nemansa ba? Fulorin 18 rabinsa ke ƙarewa duk minti 110, don haka sai an haɗa shi kusa da inda za a yi hoton, da wani babban inji mai suna saikulotiron. Injunan PET a Najeriya 'yan ƙalilan ne, a Legas aka fara kafawa, kuma sinadarin da aka saba amfani da shi ko'ina shi ne FDG, wanda sukari ne. FDG ba ya auna oksijin, ƙwaƙwalwa lafiyayya ma tana shan sukari sosai har ta rufe ƙarin. Idan wani ya ce a yi PET, tambaya ta farko ita ce da wane sinadari. Dalili mafi nauyi kuma shi ne, ko a Amurka da Japan hoton FMISO na bincike ne. Tunanin ƙara wa yankin da ke cikin ƙishi ƙarfin gashi yana da ma'ana, amma ba a tabbatar yana ƙara wa masu wannan ciwon kwana ba. Da hoton da babu hoton, maganin da za a ba majiyyaci iri ɗaya ne. Wanda ke jinya a waje aka gayyace shi cikin bincike kyauta, ba laifi ya shiga bayan an yi masa bayani.

Mataki na 6: nama shi ke yanke hukunci

Hoto zato ne mai ƙarfi. Tabbaci sai an ciro nama, ko ta tiyatar cire ƙarin gwargwadon abin da ba zai nakasa mutum ba, ko ta ɗebo ɗan kaɗan. A madubin ɗakin gwaji ana ganin ƙwayoyi sun yi sahu kewaye da mataccen wuri, suna gudun inda oksijin ya yanke. A tambaya ko za a iya gwajin IDH da MGMT, wasu alamomi biyu na ƙwayar gadon ƙarin. Tun 2021 sai wanda IDH ɗinsa bai sauya ba ake kira giliyobilastoma, MGMT kuma na nuna yadda ƙarin zai ji maganin sha. A roƙi MRI cikin awa 72 bayan tiyata, shi ke nuna abin da ya rage kafin raunin aikin ya rikita hoton. Kada a sayi deksametason a kemis kafin ganin likita. Yana sauke kumburi, amma yana ɗaga sukari, kuma yana iya ɓoye wani nau'in ƙari a gwaji.

Mataki na 7: gashi, da abin da iyali ke iya yi

Tsarin da duniya ke bi tun 2005 shi ne gashi sau 30 cikin mako 6, jimillar gire 60 (gire shi ne ma'aunin yawan gashin), tare da ƙwayar maganin ciwon daji mai suna temozolomaid kullum, sannan a ci gaba da ƙwayar kwana 5 a kowane 28 har zagaye 6. A binciken da ya kafa tsarin, matsakaicin rayuwa ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Lambar tana da ɗaci, kuma matsakaici ce, wasu sun wuce ta da shekaru. Ga tsofaffi da masu rauni akwai gajeren tsari, gire 40 sau 15 cikin mako 3, wanda ya fi sauƙi ga mai zuwa daga Yauri ko Zuru. A tambayi likita a kansa.

Ana so a fara gashi cikin mako 3 zuwa 6 bayan tiyata, don haka a nemi layi tun majiyyaci yana kan gado. A buga waya a tabbatar injin yana aiki kafin a kama hanya, a kuma samu masauki kusa, domin tsallake ranaku na ba ƙarin damar farfaɗowa. Mai shan taba ya daina, hayaƙinta yana rage oksijin da jini ke ɗauka. A riƙa gwajin jini duk mako, saboda temozolomaid na rage ƙwayoyin jini, idan ya yi ƙasa likita ya gyara. An gwada ɗakin matsin oksijin da magungunan da ke tsaya wa oksijin a cikin ƙari, babu wanda ya zama magani na yau da kullum a wannan ciwon, don haka duk mai tallar irinsu da alkawarin warkewa a yi hattara da shi.

Mataki na 8: hotunan bibiya

MRI na farko kan zo kamar wata ɗaya bayan gama gashi, sannan duk wata 2 zuwa 3. A wata ukun farko hoton na iya yin muni alhali maganin aiki yake yi, saboda gashin ya ƙara wa jijiyoyin yoyo. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na fuskantar haka. Kada a dakatar da magani a kan hoto ɗaya. DSC na taimakawa a nan, domin raunin gashi rCBV ɗinsa kan sauka, ƙarin da ya dawo kuwa nasa kan hau. Akasin haka ma na faruwa da allurar bebasizumab mai toshe VEGF, wadda Amurka ta amince da ita a 2009 don ƙarin da ya dawo. Tana rage yoyo da kumburi, hoto ya yi kyau, mutum ya ji sauƙi, amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2014 sun nuna ba ta ƙara tsawon rai ga sababbin majiyyata ba. Tana da tsada, a san abin da ake saya.

In da hali a riƙa komawa inji ɗaya, a tafi da tsofaffin faifai duka, kowanne da kwanan watansa a rubuce a jiki. Idan farfaɗiya ta wuce minti 5, ko barci ya yi nauyi har ba a iya tashinsa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo ana cikin shan temozolomaid, a kai shi sashen gaggawa mafi kusa a daren, kada a jira ranar hoto.